Fiyano da celo a zaure mai tayil: ina zan dasa makirufo?

Sadiq_Sauti: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aiki ne ya faɗo mini wanda ban taɓa yin irinsa ba, na ce bari in zo gida in yi tambaya tun kafin in sha kunya. Asabar mai zuwa akwai wani ɗan taron kiɗa a nan Abuja. Mutum biyu ne kacal za su yi wasa, mace a kan fiyano, namiji a kan celo, wato babban gogen nan na Turawa da ake zama a kan kujera a riƙe shi tsakanin gwiwoyi. Ni aka ba naɗar sauti, wani daban zai ɗauki hoto. Ba lasifika ko ɗaya, 'yan kallo kai tsaye za su ji da kunnensu. Zauren zai ci mutum 150 haka, ƙasa tayil, silin bai fi mita 4 ba. Kayana: na'urar naɗar sauti Zoom H6, sai makirufo iri uku: Rode NT5 guda biyu, AT2020 ɗaya, SM58 biyu. Shekara bakwai ina ɗaukar wa'azi da biki da murya a situdiyo, amma wannan kam ban san ta inda zan kama shi ba. Wanne zan ba wa, kuma a ina zan kafa?

Ɗan_Fagge: Wa alaikumus salam. Oga me ya yi zafi? Fiyano ai ba ruwansa da makirufo. Ja waya daga bayansa ka soka a H6 ɗinka, gogen kuma ka ba shi SM58, ka koma ka sha shayinka.

Sadiq_Sauti: Ba fiyanon lantarki Yamaha PSR irin ta situdiyoyin Kano ba ce, ɗan uwa. Na katako ne, mai ƙafa uku da murfi, tsawonsa ya kusa mita 2. Ba ramin da za ka soka waya, ko wuta ba ya sha.

Ɗan_Fagge: Au! To na janye maganata, manya su shigo 😂

Baba_Rediyo: Sadiq ɗana, fara da mayar da SM58 ɗin nan jaka. An yi su ne don bakin mawaƙi da mai wa'azi, sai ka manna musu sauti suke ji da kyau, daga nesa kuwa kurame ne. Ka bar ɗaya a waje ko mai gabatarwa zai yi magana.

Jarinka su ne NT5 biyun. Kada ka raba su ka ce wannan na fiyano wannan na celo, kuskuren da kowa ke fara yi ke nan. Ɗora su tare a kan sanda ɗaya, tsakanin kawunansu santimita 17, ka buɗe su kusurwar digiri 110, ɗaya ya kalli hagu ɗaya dama. ORTF ake ce wa tsarin, injiniyoyin gidan rediyon Faransa suka fitar da shi wajen 1960, kuma har yau da shi ake aiki. Tazarar nan ta 17 kusan tazarar kunnuwan mutum ce. Sandar ta tsaya a gaban makaɗan, a tsakiya, nisa kamar mita 2 da rabi, tsawo ya ɗan haura mita 2, kawunan su ɗan sunkuyo.

Waɗannan lambobi wurin farawa ne kawai. Ranar gwaji sa abin kunne, su yi ta kiɗa, kai kuma ka riƙa jan sandar gaba da baya taku ɗai-ɗai. In ka ji ɗaki ya fi kiɗa yawa, matsa kusa. In ka ji ya bushe kamar a cikin akwati, ja baya. Akwai wurin da za ka ji abin ya zauna. A aikinmu ji ne ya kori gani.

Ummi_Mix: Baba ina gaisuwa, amma a yi mini afuwa, akwai inda ban bi ka ba. Wannan nisan na zauren da aka gina domin kiɗa ne, mai katako da silin mai nisa. Shi Sadiq tayil ya ce, da silin mita 4. A irin wannan ɗaki in ya kai mita 2 da rabi, ƙarar bango zai kwaso kamar wanda ya naɗa a banɗaki. Ni da zan fara daga mita 1 da rabi zuwa 2.

Sannan babbar matsalar wannan haɗi ba a taɓo ta ba tukuna: fiyano na haɗiye celo. Mai celo yana zama ne a gaban fiyanon, daidai inda cikin fiyanon ya lanƙwasa, murfin kuma a buɗe yana watso sauti ta kansa zuwa wajen 'yan kallo. Duk lokacin da celo ya sauka ƙasa-ƙasa, hannun hagun mai fiyano na nan a wurin, sai ya ɓace. Dole a ba celo nasa makirufo. AT2020 ɗin ya isa.

Baba_Rediyo: 'Yata, maganar tayil gaskiyarki ce, na karɓa. Amma ki tuna ɗakin da ya cika da mutane ba ɗaya yake da wanda ba kowa ba. Mutum 150 da manyan riguna da mayafai sun fi kowane labule shan amo. Abin da zai ji ranar gwaji ya fi na ranar taro ƙara, kada ya ruɗe ya matsa har cikin fiyanon.

Sadiq_Sauti: Na gode Baba, na gode Anti Ummi. To AT2020 ɗin in nufa shi cikin ramukan nan biyu na jikin celon? Na ga kamar daga nan sautin ke fita.

Ummi_Mix: A'a, kul. In ka cusa shi bakin ramin, wani bum-bum za ka samu, wasu muryoyin su kumbura wasu su shige. Ƙari a kan haka, makirufo mai jin gaba kawai irin AT2020 da NT5, da zarar ka matsa da shi kusa sosai sai ya ƙara wa sauti kauri da kansa. Ba shi santimita 60 zuwa 80, ka nufi wajen ɗan katakon da tsirkiyoyin suka hau kansa, ka ɗan kauce gefe. Ka lura da hannun damansa ma, bakan yana tafiya da nisa, kada ya doki sandarka a tsakiyar wasa.

Kabiru_Kamara: Ni ta ɓangaren masu hoto zan yi magana. Sanda mai mita 2 a tsakiyar gaba, daidai fuskar makaɗa? Wallahi in ni ke ɗaukar bidiyon sai mun yi rigima. Ba za a iya maƙala ƙanana a jikin kayan ba?

Ummi_Mix: Akwai su, DPA 4099 na da mariƙi na musamman domin celo, a kan tsirkiyoyi ake maƙala shi ƙasa da katakon. Amma na ɗaya ba arha ba ne, na biyu an fi bukatarsa inda ake da lasifika ana gudun kuwwa. A nan ba lasifika. In ka naɗa da shi kaɗai za ka ji ƙaiƙayin baka da sautin yatsu fiye da kiɗan. Kai dai ka matsar da kamararka gefe, Malam Kabiru, sanda siririya ce.

Kabiru_Kamara: Kullum mu ake cewa mu matsa.

Ɗalibi_a_Jamus: Sadiq, ka tambaye su me za su kaɗa? Yana da muhimmanci fa.

Sadiq_Sauti: Sun turo mini takardar shirin. Akwai ƙananan abubuwa a farko, babban shi ne na Brahms, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, an rubuta lamba 1.

Ɗalibi_a_Jamus: To ka shirya. Wannan ita ce sonatarsa ta farko ta fiyano da celo, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi, ya kammala ta a 1865, kuma shi da kansa a sunanta fiyano ya fara ambata kafin celo. Ma'ana fiyano ba ɗan rakiya ba ne a ciki, abokin tafiya ne. Celon yana daɗewa a muryarsa ta ƙasa, tun daga buɗewa ma a can ya fara, a kashi na uku kuwa fiyanon yana sauka da ƙarfinsa duka. Makaɗa sun daɗe suna fama da daidaita su biyun a wannan kiɗa, ba kai ne farau ba. Abin da nake so ka riƙe: akwai wuraren da celon zai nutse cikin fiyano kuma haka aka rubuta abin. Kada ka zauna a kwamfuta kana ɗaga shi ko'ina kamar muryar mawaƙi a kan kiɗa. In ka yi haka mai fiyanon za ta ji, kuma ba za ta sake kiranka ba.

Ina goyon bayan Baba a kan biyun su zama uwa. Ina kuma goyon bayan Anti Ummi a kafa na ukun, tunda kana da layi huɗu a H6. Naɗa shi a layinsa daban, in ba ka bukace shi ba ka kashe.

MaiKukuma: Ni ba injiniya ba ne, kukuma nake kaɗawa, amma abin da Ummi ta faɗa na ƙaiƙayi na san shi. An taɓa naɗa ta a wani situdiyo, yaron ya kawo makirufo har yana taɓa fatar. Da aka kunna mini sai na ji kamar ana yanka langa-langa da zarto. Na ce masa ni ba haka nake jin kayana ba. Ya ja shi baya kamar kamu biyu, sai ga kukuma ta dawo. Duk abin da ake gogawa da izga yana son a ba shi fili ya yi numfashi.

Baba_Rediyo: Allah ya yi maka albarka, ka tuna mini da. Zamanin da muke naɗa a faifan tef mai zare, makirufo ɗaya ake ba mu, ga mai goge ga masu ƙwarya ga 'yan amshi. Ba mikisa ba komai. Mutane muke jerawa: mai goge kusa, 'yan amshi a bayansa, masu ƙwarya can jikin bango. In kiɗa ya danne waƙa sai ka ce Malam ja baya taku biyu. Har yanzu dabarar ba ta mutu ba. Sadiq, kafin ka taɓa wani maɓalli, duba ko sandarka in ta ɗan sauko ƙasa ta kuma karkato wajen mai celo, ba za ta gyara maka rabon ba. Kusanci da shi kaɗai na ɗaga shi a kan fiyano.

Ɗan_Fagge: To wai me zai hana a rufe murfin fiyanon kawai a huta? Ko a sa shi rabi.

Ɗalibi_a_Jamus: Murfin yana da sanduna, doguwa da gajeruwa. Da yawa suna sa gajeruwar in ana wasa da celo, suna ganin zai rage ƙarfi. A kunnena ƙarfin ba ya raguwa sosai, hasken sautin ne ke tafiya, ya koma a dushe, kuma wannan dusasshen shi ya fi rufe celo. Na fi son a buɗe duka mai fiyano ta sassauta hannu. Amma wannan hukuncin makaɗa ne. Sadiq zai iya naɗa musu minti ɗaya a haka, minti ɗaya a haka, ya ba su abin kunne su zaɓa.

Ummi_Mix: Ni kuma na sha ganin gajeruwar sanda ta ceci aiki a ƙaramin ɗaki. Ya danganta da mai kaɗawa. Wata in ka buɗe mata duka, ta manta akwai wani a gabanta.

Injiniya_Tudunwada: Tunda za a haɗa na kusa da na nesa, bari in ƙara abu ɗaya da ba a faɗa ba. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato kowace mita tana cin kusan milisakan 3. In AT2020 na santimita 70 daga celo, biyun kuma suna mita 2 da santimita 20, bambancin mita 1 da rabi ne, celo zai riga isa na kusa da milisakan 4 da 'yan kai. In ka haɗa su haka, kunne zai ɗauki na kusan a matsayin na gaba, celon ya fito ya zauna a kan cinyar mai sauraro, wani lokaci kuma sautukan su ci juna ya zama siriri. Maganinsa: kafin a buɗe ƙofa, tsaya daidai kujerar mai celo ka tafa hannu sau ɗaya kana naɗa. A kwamfuta za ka ga tafin a kowane layi, sai ka ja na kusan baya har su yi daidai, ko ya ɗan wuce kaɗan. Sannan ka ɗago shi a hankali daga shiru, da ka fara jin sa a matsayin makirufo daban, ka wuce wuri, koma ƙasa.

Wani abin kuma: makirufon da ke kallon celo yana kallon fiyano ma, tunda fiyanon na bayansa. Rabin abin da zai shiga fiyano ne. Ɗaga shi sama kaɗan ya kalli ƙasa, fiyanon ya koma gefensa. In za ka samu aron makirufo AKG C414, juya shi zuwa tsarin da yake ji gaba da baya amma ba ya jin gefe, ka saita gefen a kan fiyano. Wannan ya fi kowace dabara tsabta.

Sadiq_Sauti: C414 kam sai dai in gani a hoto 😅 Amma maganar tafi na rubuta.

Moussa_Damagaram: Salam 'yan uwa na Najeriya. Kuna ta maganar santimita, ba wanda ya yi maganar wuta. Mu nan abin da ya fi ɓata muna aiki ke nan. Wutarmu da taku duka 50 Hz ce, wato tana karkaɗawa sau 50 a daƙiƙa, in ta shiga waya za ka ji huuum a ƙasa. Tsirkiyar celo mafi kauri kuwa 65 Hz take, maƙwabta ne. In ka zo cire huuum ɗin daga baya sai ka yanke da naman celo. Kada ka haɗa na'urarka da soket ɗin zauren ko kaɗan, balle in janareta ne. Yi aiki da batir.

Ummi_Mix: Wannan gaskiya ne, amma a kula, makirufo uku masu jan wutar 48V daga na'urar za su tsotse batir huɗun H6 da wuri. Sa fawa bank mai kyau ta USB, sabbin batura kuma suna ciki. Ka gwada a gida awa biyu cur ka gani, kuma ka saurara ko fawa bank ɗin na shigo da tsiwa, wasu suna yi.

Tunda Malam Moussa ya kawo 65 Hz: Sadiq, maɓallin yanke ƙasa da ka saba kunnawa a 80 in kana ɗaukar wa'azi, kashe shi. Fiyano na sauka har 27.5 Hz. Kashe limita, kashe kwamfuresa, wato masu danne sauti in ya yi ƙarfi. Naɗa a 24 bit, 48 kHz tunda za a haɗa da bidiyo. Ka ce su kaɗa maka wurin da ya fi ƙarfi, ka saita ya tsaya wajen -12 a ma'aunin ƙarfin sauti na H6, ka ma ƙara ragewa kaɗan domin a gaban jama'a sun fi dukan abin da ƙarfi fiye da lokacin gwaji. Daga nan cire hannunka. In ka ji sun yi ƙasa kamar raɗa kada ka ɗaga, haka kiɗan yake.

Ɗan_Fagge: Ni abin da ke ba ni mamaki, wa ke zama ya saurari wannan awa guda ba waƙa ba ganga? 

MaiKukuma: Wanda ya biya Sadiq.

Hajiya_Bilki_Events: Ni ba sauti na sani ba, taro na sani. Ƙarfe nawa za a fara? In akwai masallaci kusa, lasifikarsa za ta shigo muku lokacin Magariba ko Isha, kuma ba daɗi a ce ana kiran salla ana kiɗa. Ka yi magana da masu taron su sa hutun rabin lokaci ya faɗa daidai nan, kowa ya samu ya yi salla. Mun taɓa yin wani taro da ba a lissafa haka ba, sai da aka tsaya a tsakiya. Sannan a roƙi mutane su kashe waya, ba a sa ta a girgiza ba. Wayoyinka na ƙasa kuma ka bi su da salatif, kada wata ta harɗe da takalmi mai tsini ta jawo maka sanda.

Sadiq_Sauti: Hajiya Allah ya saka da alheri, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Bakwai za a fara, Isha za ta same mu a ciki.

Ɗalibi_a_Jamus: Kada ka tsayar da naɗi tsakanin kashi da kashi, bar shi ya yi ta tafiya daga farko har tafin ƙarshe. Kuma ka tambaya ko mai gyaran muryar fiyano zai zo ranar. Da hunturun nan katako na bushewa, fiyano na sauka daga saiti, ba makirufon da ke gyara wannan.

Injiniya_Tudunwada: Ni fa har yanzu ina ganin da omni ne, masu jin ko'ina, a raba su santimita 50, da ƙasan fiyanon ya fi fitowa da cika. NT5 ma ana sauya masa kai, akwai NT45-O.

Baba_Rediyo: A zaure mai kyau, ƙwarai. A kan tayil da na'urar sanyi, omni zai kwaso masa har tarin mai gadi. Bar shi da abin da ke hannunsa.

Sadiq_Sauti: Jama'a na dawo daga gwaji. Na fara a mita 2 da rabi yadda Baba ya ce, ɗaki ya yi yawa. Na dawo mita 1 da santimita 80, na sauke sandar zuwa mita 2 daidai, na ɗan karkato ta wajen mai celo, sai abin ya zauna. Na naɗa musu murfi a buɗe da kuma rabi, su biyun suka zaɓi a buɗe. Na shimfiɗa ɗan kafet a ƙarƙashin sandar domin ina jin dukan fedar fiyano yana biyo ƙasa. AT2020 na santimita 70, na yi tafin. Da na saurara a gida, biyun kaɗai sun yi daɗi ƙwarai, sai dai a kashi na uku celon na ɓacewa kamar daƙiƙa ashirin, in na ɗago na kusan kaɗan sai ya dawo.

Matsalar yanzu na'urorin sanyi ne, guda huɗu, ɗaya tana saman dandamalin tana hura iska kan makirufo. Da aka kashe su ɗakin ya yi tsit kamar an ɗauke ruwa. Mai zauren ya ce ba zai kashe wa manyan baƙi sanyi ba.

Ummi_Mix: Daƙiƙa ashirin ɗin nan su ne dalilin AT2020. Baba ka gani ko? 😄

Baba_Rediyo: Na gani 'yata, daƙiƙa ashirin cikin awa guda. Sadiq, roƙe shi a ƙure sanyin tun ƙarfe huɗu, a kashe in an fara, a kunna lokacin hutu. In ya ƙi, ko ta saman dandamalin da mai bi mata a kashe, a bar biyun baya. Ka kuma naɗi minti ɗaya na ɗakin shiru da na'urorin a kunne, zai yi maka amfani wajen rage hucin daga baya.

Hajiya_Bilki_Events: Kada ka je da kanka. Tura mai fiyanon ta faɗa masa iskar na kaɗa mata takardun kiɗa. Ita ba zai ce mata a'a ba.

Sadiq_Sauti: Yanzu na kira ta, ta ce da ma iskar na damunta, za ta yi masa magana da safe. Injiniya, tafin da na yi jiya zai yi, ko in sake gobe tunda za a ɗaga kujerar a mayar?

Injiniya_Tudunwada: Sake. Ka kuma manna salatif a ƙasa inda ƙafafun kujerar suke da inda tsinin celon ke tsayawa, masu shara za su matsar da komai kafin ka iso.